SANƘARAU: KADA A JIRA SAI WUYA YA SANƘARE

Duk wanda ya yi shekara guda cur a birnin Sakkwato ya san yadda lokatai ke juyawa. Daga watan Disamba iskar hunturu ta kan taso daga arewa maso gabas, ta kawo hazo da ƙura, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, ko wane gida ka shiga sai ka ji tari. Kafin watan Maris ya raba sai ɗari ya ja da baya, zafi ya sauko, irin zafin nan da ya kan haura awo 40 a ma'auni, wanda ya kan sa mutanen Kanwuri da na Mabera duka su fito da tabarmi tsakar gida. To, daga tasowar ƙuran nan har zuwa faɗuwar ruwan fari, nan ne lokacin da sanƙarau ya ke cin kasuwarsa.

Ba baƙo ba ne, kowa ya san sunansa. Amma fa sunan nan da kansa ya kan yaudari mutane. Tun da ya ke an ce sanƙarau, sai a zauna ana jira a ga wuya ya sanƙare kafin a yarda shi ne. Alhali kuwa sau da yawa sanƙarewar wuya ba ita ce alamar fari ba, ga jarirai ma ba safai a kan gan ta ba, kuma akwai wanda cutar za ta ɗauke shi wuyansa na juyawa lafiya lau. Wannan shi ne abin da mu ke so malaman makaranta da akawunan ofis da magatakardan hakimai su riƙe, domin su ne a kan fara kai wa ƙara a unguwa, su ne kuma a ke jin maganarsu.

ABIN DA YA KE, DA TA'ADIN DA YA YI MANA

Ƙwaƙwalwar mutum da lakar da ta bi ta cikin ƙashin baya suna lulluɓe ne da wani tantani mai laushi, da wani ruwa garai-garai yana kewaya su. In ƙwayoyin cuta suka sami shiga wurin nan sai tantanin ya kumbura, ruwan ya gurɓace. Ƙwayoyi iri iri ne ke iya yin haka, amma wadda ta ke kawo annoba a ƙasarmu ita ce wadda likitoci ke kira meningokokas. Wani likita na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, Anton Weichselbaum, shi ya fara gano ta a shekarar 1887. Mazauninta maƙogwaron ɗan Adam ne da bayan hancinsa, ba ta zama jikin dabba ko cikin rijiya. Abin mamaki, cikin mutum goma a kan sami kamar guda yana ɗauke da ita, yana cin tuwonsa, ba abin da ya dame shi. Ta tari da atishawa da kusantar numfashi ta ke ƙaura daga wannan zuwa wancan. In ta sami wanda busasshiyar iska da ƙura da mura suka riga suka raunana fatar maƙogwaronsa, sai ta kutsa cikin jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo kwana biyu ne zuwa goma, galibi kwana huɗu. Sabo da haka masu cewa zafi ne ke kawo shi ba su yi ƙarya ɗungum ba, sai dai zafi da ƙura masu share hanya ne kawai, ba su ne mai zuwan ba.

A shekarar 1905 ne likitocin Turawa suka fara rubuta labarin annobar a Nijeriya ta Arewa. A 1921, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare, ta faɗa wa Lardin Sakkwato, rahoton zamanin ya ƙiyasta waɗanda suka rasu sun zarce 45,000. Babu magani a sa'an nan, sai dai a kafa wa majinyata bukkoki bayan gari a saurari ikon Allah. A annobar 1949 zuwa 1950, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, an ƙirga fiye da mutum 90,000 da suka kamu a lardunan Arewa, fiye da 14,000 suka rasu. Ku dubi bambancin. Abin da ya kawo shi shi ne ƙwayar nan M&B da 'yan'uwanta, waɗanda disfensoshin En'e suka riƙa bi ƙauyuka da su. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar ƙasashen da cutar ta fi addaba, watau wani ɗamara da a yau a ke lissafa shi daga Sanagal har Habasha, Sakkwato kuwa tana tsakiyarsa. Mafi muni a zamaninmu ita ce ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000.

YADDA YA KAN ZO

Bari mu kwatanta da yaro ɗan shekara goma sha biyu a makarantar kwana. Da safe ya zo wurin malamin aji ya ce kansa na ciwo, jikinsa da zafi. Malam ya ba shi farasitamol ya ce ya je ya kwanta, ba kuwa wanda zai ga laifin malam, gama yara goma su kan zo da irin wannan ƙara a mako. Da azahar ya yi amai. Da la'asar abokansa suka tarad da shi ya juya fuska bango, ya ja mayafi ya rufe ido, ya ce hasken taga na sukarsa. Da magariba aka yi masa magana ya amsa da abin da ba a tambaye shi ba. Aka ce a bari gari ya waye a kai shi asibiti. Da asuba aka tashe shi bai tashi ba.

Duk wannan bai cika sa'a ashirin da huɗu ba. A ganinmu wurin da aka yi hasara shi ne tsakanin azahar da la'asar, ba da asuba ba. Zazzaɓi mai zafi wanda ya faɗo farat ɗaya, da ciwon kai irin wanda yaron bai taɓa yi ba, ga amai, ga ƙin haske, a cikin watannin rani, wannan ya isa a nemi abin hawa. In kuwa hankali ya fara gushewa, ko barci ya yi nauyi har ba a iya tashinsa sosai, ko jijjiga ta zo, to, an shiga lokacin da ko minti guda ba a so a ɓata.

Gwada wuya ba shi da wuya. A kwantar da mai ciwo rigingine, a sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa, a ɗaga a hankali a ga ko haɓarsa za ta taɓa ƙirji. Mai sanƙarau ya kan ƙi, ya yi ƙara, wani har gwiwoyinsa su lanƙwashe da kansu. In an ga haka magana ta ƙare. In ba a gani ba, magana ba ta ƙare ba.

Domin akwai wani kamu na biyu da ya fi wancan sauri, shi ne sa'ad da ƙwayar ta yaɗu cikin jini tana ɓata shi. Mai irin wannan jikinsa da zafi amma tafin hannu da na ƙafa sun yi sanyi, ƙafafu da gaɓoɓi na yi masa ciwo ƙwarai, numfashi na sauri, fata ta ɗashe. Daga nan sai waɗansu ɗige-ɗige su fito, ƙanana kamar sukar allura, ja ko baƙi-baƙi, can kuma su bazu su zama kamar inda jini ya kwanta. Littattafan Turawa sun cika da hotunan wannan a kan farar fata, amma a jikinmu ba shi da sauƙin gani. Sai a duba tafin hannu, da tafin ƙafa, da cikin fatar ido in an ja ta ƙasa, da ganɗar baki. A ɗauki tambulan na gilashi a danna a kan tabon: ƙurajen zafi da na ƙyanda su kan dushe in an danna, waɗannan kuwa ba su dushewa, kana hangen su ta cikin gilashin. Wanda aka ga wannan gare shi tare da zazzaɓi, ko da tsakar dare ne a ɗauke shi. Amma kada kuma a ce sai an ga tabo, gama shi ma ya kan makara.

Jariri ba shi da bakin da zai ce kansa na ciwo, sai uwa ta karanta jikinsa. Ya ƙi mama, yana wani kuka siriri mai tsini wanda ba irin nasa ba, in an ɗauke shi kukan ya ƙaru maimakon ya lafa, ko kuwa ya yi laƙwas kamar tsumma, idanu sun kafe. A shafa maɗigarsa sa'ad da ya yi shiru: in ta kumburo ta yi tauri, alama ce babba. Wani jaririn ma jikinsa ba zai yi zafi ba, sanyi zai yi. In uwa ta ce wannan ciwo bai yi mata kama da na kullum ba, a saurare ta. Ta fi kowa sanin ɗanta, sau da yawa kuwa ita ce ba ta da ikon fita sai maigida ya dawo. Ya kamata ko wane magidanci ya bar izini a gidansa tun kafin bukata ta zo, da ɗan abin da za a biya mai kabu-kabu.

INDA KWANAKI KE SALWANTA

Hanyoyi uku ne mu ka ga lokaci na zubewa ta cikinsu. Na fari shi ne zaton zazzaɓin cizon sauro. Mu mutanen bakin Rima mun saba da shi har duk zafin jiki sunansa ke nan. A je wurin mai kemis a sayo ƙwayoyi na kwana uku, a ce sai an shanye a gani. Amma ku tuna, ƙarfin sauro da damina ne da kaka, Maris da Afrilu ba lokacinsa ba ne sosai. Har ma in an gwada jini an sami ƙwayar sauro, wannan bai wanke mutum daga sanƙarau ba, ana iya samun biyun a jiki guda. In kuwa zazzaɓin sauron ne ya hau ka har ya gusar da hankali, shi ma ai na asibiti ne. Ta ko wace fuska dai hanya guda ce.

Na biyu shi ne zaton iska. Yaro na sambatu, yana fizge-fizge, idanu sun juye, sai a ce ya yi gamo, a kawo hayaƙi, a kira mai ruƙiyya, wani a kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya ko a yi sakiya. Ba mu hana kowa addu'a ba, mu ma masu bukatarta ne. Sai dai addu'a ba ta da nauyin ɗauka, ana iya yin ta cikin mota, ana iya yin ta a gefen gadon asibiti. Ƙaho kuwa ba ya kai wa inda cutar ta ke.

Na uku ya fi ban takaici, domin an riga an iso asibiti. Likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, sai dangi su ce atafau, wai wanda aka ɗebi ruwan bayansa ba ya tashi, ko ya tashi ya gurgunce. Asalin wannan magana ba shi da wuyar ganewa: an kawo mutum ya riga ya yi nisa, aka ɗiba, ya cika, sai aka ɗora wa allura laifin cuta. Gaskiyar al'amari ita ce, a kan soka allurar ne a can ƙasan baya, ƙarƙashin inda laka ta ƙare, abin da a ke ɗiba kuwa ɗan kaɗan ne, ga shi jikin babban mutum ya kan ƙera kusan rabin lita na ruwan nan ko wace rana. Ruwan mai lafiya garai ya ke kamar na ƙorama, na mai sanƙarau ya kan fito da gurɓi kamar tsarin kanwa. Da shi a ke sanin wace ƙwaya ce, da kuma wane jinsi, wanda shi zai nuna irin allurar rigakafin da za a nemo wa gari duka. Likita ya san wanda bai kamata a ɗiba masa ba, kuma ba ya jinkirta magani don jiran sakamako.

MAGANI

Sanƙarau na warkewa. In ba a yi magani ba ya kan kashe rabin waɗanda ya kama ko fiye, in an yi kuwa a kan rasa kamar ɗaya cikin goma, gwargwadon saurin zuwa gwargwadon samun sa'a. Magungunan sun sha canji. M&B ta yi zamaninta har ƙwayar ta daina jin ta wajen ƙarshen shekarun 1960, aka koma ga fenisilin. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka gwada allurar kuloramfenikol mai mai, suka ga guda ɗaya tana iya wadatarwa, abin da ya ceci dubbai a ƙauyukan da ba gado ba ma'aikata. A 2003 aka yi wani gwaji a maƙwabtanmu, Maraɗi da Damagaram, ya nuna seftiriyazon ba ta gaza ta ba. Yau seftiriyazon ita ce madogara. A lokacin annoba a kan yi ta kwana biyar a jere, ga jarirai sabbin haihuwa fiye da haka, tare da ƙarin ruwa da maganin jijjiga in an bukata.

Abu biyu a kiyaye. Allura ce, ta jijiya ko ta tsoka, ba ƙwayar da za a saya a kanti a haɗiya a gida ba. Kuma in mai ciwo ya farfaɗo ran na biyu ya nemi fura, kada a naɗe tabarma a gudu da shi, a bari a cika kwanakin. A cikin birni ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru. Wanda ya ke nesa, kamar Illela ko Goronyo ko Tambuwal, ya nufi asibitin da ya fi kusa a fara allurar fari a can, kada ya ce sai birni. Kan hanya a kwantar da shi a gefe guda don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko rubutu, kada kuma a cusa cokali bakin mai jijjiga.

Masu jinya su kwantar da hankalinsu. Bayan kwana guda da fara allura majinyaci ya daina yaɗa ƙwayar. Waɗanda suka kwana ɗaki guda da shi su gaya wa likita, shi zai faɗi ko za a ba su maganin kariya, kuma a sa musu ido har kwana goma.

RABON MASU ALƘALAMI

Akawu zai ce, ni ina ruwana da aikin likita? To, ga ruwanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ma'auni: a gundumar da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka sami uku cikin ko wane 100,000 a mako guda sai a shiga shiri, in aka kai goma annoba ta tabbata. A wurin da bai kai mutum 30,000 ba, biyu a mako gargaɗi ne, biyar annoba. Da waɗannan alƙaluma a ke neman allurar rigakafi daga rumbun da aka kafa na duniya a 1997, bayan ta'adin 1996, kuma amfaninta ya fi yawa in an yi ta cikin mako huɗu. Yaron da ya rasu a gida aka binne shi da hantsi ba wanda ya rubuta, bai shiga lissafi ba, unguwarsu kuwa za ta yi ta jira. A zamanin En'e mai unguwa ya kan kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, magatakarda ya rubuta. Yau ko wace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, ga kuma lambar kyauta ta hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, 6232. Malamin da ya ga yara biyu na ajinsa sun kwanta da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani cikin mako guda, ya kai labari ran nan, ko da daga baya za a ce ba shi ba ne.

Ɗakunan kwana kuma a duba su. Inda aka tara yara talatin a ɗakin goma, taga a toshe, nan ƙwayar ke yawo daga baki zuwa baki. Wannan ya shafi makarantun kwana da zaurukan almajirai baki ɗaya, ya kamata a je wa alarammomi da maganar cikin ladabi tun watan Janairu. Kwana a fili da zafi alheri ne, a haɗa da gidan sauro.

Game da rigakafi akwai wani ruɗu da ya kamata a warware. Ƙwayar nan jinsi jinsi ce, a kan kira su da haruffa: A, B, C, W, X, Y. Jinsin A shi ne ya yi ta'adin 1996. Aka ƙera masa allura mai suna MenAfriVac, aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, aka bi jihohin Arewa da ita daga 2011 zuwa 2014 ana yi wa 'yan shekara ɗaya zuwa 29, daga 2019 kuma ta shiga jerin alluran jarirai a wata tara. Jinsin A ya kusan ɓacewa. Sai ga wani sabon iri na jinsin C ya ɓulla, a Jihar Sakkwato kuwa aka fara ganinsa a 2013, ya kama mutum fiye da 800. Ya shiga Kabi a 2014, ya ƙetara Nijar ya girgiza Yamai a 2015. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya kama fiye da 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100, Zamfara da Sakkwato da Katsina su ne suka fi jin jiki. A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta fara amfani da Men5CV, wadda ta haɗa A da C da W da X da Y cikin allura guda, aka kuma sake bukatarta a 2025 da cutar ta tashi a Gwandu da Jega da Aliero ta taɓa Sakkwato. Sabo da haka wanda ya ce an yi wa ɗansa allurar sanƙarau tun yana jariri, wannan zazzaɓi ba zai zama shi ba, ya yi kuskure. Ta jinsin A aka yi masa. In masu allura sun zo unguwa a sake fito da shi, in kuma ya nuna alamun da mu ka ambata a kai shi kamar wanda ba a taɓa yi wa ba.

Saura waɗanda suka tashi. Cikin biyar da suka warke a kan sami kamar guda da cutar ta bar wa tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin gaɓa, ko nauyin fahimta. Kurumta ta fi yawa, ita ce kuma ta fi ɓoyuwa. Yaro ya dawo aji bayan wata guda, da can shi ne mai ɗaga hannu, yanzu a kira shi bai waiwayo ba, sai a ce ya koyo taurin kai, har bulala ta shiga. Malam ya tsaya bayansa inda ba ya ganin baki, ya kira sunansa da ƙaramar murya, ta dama sa'an nan ta hagu. In bai juyo ba a rubuta wa iyayensa takarda su kai shi sashen kunne na asibitin koyarwa tun cikin makonnin fari, kafin nan kuma a dawo da shi layin gaba, a riƙa fuskantarsa in ana magana.